Taura Biyu A Baki Ɗaya: Manomi Mai Sana'a Da Akawu Mai Gona

Duk wanda ya san ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo ya san da wuya ka sami magidanci mai sana'a ɗaya tak. Mutumin da ka wuce da safe yana duƙe cikin fangalin albasa, shi ne za ka tarar da la'asar a bakin tasha bisa babur yana jiran wanda zai ɗauka. Mahaucin da ke fawa a kasuwar Achida yana da gonar gero a tudu da 'yar fadama a bakin gulbi. Malamin makaranta yana da shinkafa, akawun ƙaramar hukuma yana da tafarnuwa, maɗinki yana turkar raguna, mu kanmu malaman gona kusan kowa da inda yake zagawa in an tashi aiki. Abin ya zama jiki, har ba mai ganinsa abin magana.

Amma kwanakin nan in na fita rangadi ina yawan jin kuka iri uku. Masu manyan gonaki suna kukan 'yan ƙwadago sun yi tsada, kuma ba su tsayawa su gama aiki. 'Yan ƙwadago suna kukan ana riƙe musu haƙƙinsu, sai su yi ta je-ka-ka-dawo a kan kuɗin da suka riga suka yi wa gumi. Talakawa kuma suna kukan da damina ta faɗi ba a samun kowa a ofis, ko a aji, ko a ɗakin shan magani. Kowa yana ganin nasa kukan dabam ne. Ni kuwa a ganina ciwo ɗaya ne ya ɓullo ta wuri uku, shi ya sa na ga ya kamata mu ajiye zancen iri da taki makon nan mu dube shi.

Da farko dai a sani, haɗa noma da wata sana'a ba sabon abu ba ne, ba kuwa abin kunya ba ne. Ƙasarmu wata huɗu take samun ruwan sama, daga Yuni zuwa Satumba, wata shekara ma huɗun ba su cika. Magidanci ba ya naɗe hannu wata takwas yana kallon rumbu. Tun zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna Wurno, inda kabarinsa yake tun 1837, mutanen garuruwan nan manoma ne waɗanda kuma su ne masaƙa, da marina, da maƙera, da majema, da fatake. Wanda ba shi da sana'ar hannu, in kaka ta wuce sai ya ɗaure 'yan tsummokinsa ya tafi cin rani. A ranin 1952 zuwa 1953 an ajiye malamai a mashigai da manyan hanyoyi suka ƙidaya masu fita daga Lardin Sakkwato, wani Bature mai suna Mansell Prothero ya tattara lissafin, aka sami mutum wajen 259,000. Kusan kashi uku cikin huɗu 'yan lardin ne, da yawa daga cikin sauran kuwa mutanen ƙasar Faransi ne ta arewa da mu, watau Nijar ta yanzu. Waɗansu Badun suka nufa, waɗansu Ikko, waɗansu har Kumasi da Ankara.

Abin lura a nan shi ne, kakanninmu bi da bi suke yin ayyukansu. Damina ta gona ce, rani na sana'a ne ko na tafiya, da bazara ta kama kuwa kowa ya kamo hanyar gida don sharar gona. Ko cikin gandu akwai ƙa'ida, gama akan bar wa ƙanne da 'ya'ya yammaci ko waɗansu ranaku su je gayaunarsu. Aiki ba ya hawa kan aiki.

Abin da ya sake wannan tsari ruwa ne, alheri ne kuwa, kada wani ya ce na kushe shi. An gama ginin madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, aka buɗe ta a 1992, tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da ita. Wurno kuwa tun kafin wannan tana da filinta na noman rani da madatsar Lugu. Ga kuma ƙananan injunan ban ruwa da suka kori jigo daga fadamu, musamman tun shirin Fadama na Bankin Duniya da aka fara a farkon shekarun 1990. To, sai rani ya daina zama lokacin da gona ke hutawa. Tun gero bai gama shiga rumbu ba an zuba irin albasa. Dawa tana tsaye ana dashe. Cikin Nuwamba ana bisne tafarnuwa ana shuka alkama, Fabrairu da Maris ana cirar albasa ana kai ta rudu, shinkafar rani tana biye, kafin a gama bugunta ga hadari ya haɗo daga gabas. Ba sauran watan da babu aiki.

Sana'ar da mutum ya gada ko ya koya kuwa tana nan, bai kuma isa ya sake ta ba, domin noman rani da kuɗi ake yinsa. Akwai fetur, akwai taki, akwai magani, akwai kuɗin ruwa, ga haya in fili ba naka ba ne. Tun da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayu 2023, mai babur yakan yi kabu-kabu yini guda don ya sami abin da zai zuba wa injinsa gobe. Watau sana'a ke ciyar da gona kafin gona ta ciyar da gida. Abin da ake yi bi da bi a da, yanzu ya hau kan juna. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Ana dai taunawa don tilas, amma akwai wanda haƙorinsa ke fita, ba kuwa mai babbar gona ba ne.

Ku dubi ƙaramin manomi cikin watan Yuli. Hatsin bara ya ƙare ko ya kusa, na bana ko bununi bai yi ba, balle a ci tumu. Gonarsa tana neman noman firi, ta Alhaji ma tana nema, rana ɗaya kuwa suke nema, gama ruwa ɗaya aka shuka su da shi. A makarantar aikin gona an koya mana, masu binciken Samaru ta Zariya kuma sun auna tun shekarun 1960, cewa noman Yuni da Yuli shi ne inda aikin damina ke ƙuntata, nan ne hannu ke yin ƙaranci. Daga kamar mako na biyu bayan tsiro zuwa na shida shuka ke kokawa da haki a kan ruwa da taki da haske. Gonar da aka bari cikin haki a wannan tsakani, ko an nome ta fes daga baya, ba ta komawa yadda za ta yi.

To, mutumin nan yaya zai yi? In ya tsaya gonarsa, yau ba a ɗora tukunya a gidansa. In ya tafi ƙwadago, an ci yau, amma ya rage abin da za a ci baɗi. Sai ya tafi, kowa ma haka zai yi. Safiya, lokacin da ƙarfi ke jiki kuma rana ba ta buɗe ba, ya ba gonar wani. Yamma, bayan rana ta gama da shi, ya kawo wa tasa ragowa. Da kaka dammunan da ya ɗaure ba su kai ba, rumbu ya ƙare da wuri, baɗi ya fita ƙwadago tun kafin Yuli. Haka abin ke ta zagayawa har ya kai ga jinginar da 'yar fadamarsa, ko ya koma noma-mu-raba a filin da ubansa ya bar masa. Na sha jin ana cewa gonar wane ta ɓaci don ragwanci. Kafin a faɗi haka, a je a duba gonar da ya nome da safe.

Yanzu mu juya wajen mai biyan lada. A zamanin nan da yawa daga cikin masu ɗaukar 'yan ƙwadago su ma masu aiki biyu ne, watau ma'aikatan albashi da 'yan kasuwa. Doka ba ta hana ma'aikaci noma ba. Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Biyar inda aka shimfiɗa ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikatan Gwamnati, ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a tasa ta kansa, ya kuma hana shi cin albashin muƙami biyu na Gwamnati a lokaci ɗaya, amma ya ware noma ya ce wannan ba laifi. Ba kuwa mai ganin laifin akawu don ya nemi gona. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yuli 2024 naira 70,000 ne a wata. Ku raba shi gida 30, zai ba ku kamar naira 2,300 a yini, a ciki za a ci, a sha magani, a biya makaranta, a yi zumunci. Buhun takin zamani ɗaya yakan lashe rabin albashin nan ko fiye. Wanda ke da iyali, in bai noma abin da zai ci ba, ina zai sa kansa? Gara ma ya yi noma da ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur.

Inda gizo ke saƙar shi ne, akawu wata-wata yake samun kuɗi, ɗan ƙwadago kuwa kullum-kullum yake cin abinci. Kowa ya san yadda zancen ke gudana a ƙofar gida da magariba.

"Malam, mun gama, mun fito."

"Madalla, sannunku da aiki. Sai dai ka yi haƙuri, ƙanena, wata bai mutu ba. Da an yi albashi zan aiko yaro."

"To, ranka ya daɗe, gida fa ko tsaba babu."

"Allah Ya rufa asiri, ai ba gudu zan yi ba."

Lalle ba gudu zai yi ba, zai kuwa biya. Amma ku duba abin da ya faru. Talakan da ya bar gonarsa cikin haki don ya sami na yau, shi ne ya koma mai ba ma'aikaci bashi, bashin da ba shaida, ba ranar biya. Daga nan sai ya wuce wajen mai awo ya ci nasa bashin, wanda za a biya da tsada. In albashi ya yi jinkiri, jinkirin a kansa yake ƙarewa. Kowa ya san horon da addini ya yi a kan gaggauta biyan mai aiki, ba sai malamin gona ya tuna wa kowa ba. Abin da zan ce kawai shi ne, wanda ba shi da kuɗin noma a hannu ran da ya kira mutane, to, gonar ta fi ƙarfinsa. Ya rage ta. Eka biyu da za ka biya nan take, ka kuma tsaya a kansu, sun fi eka shida na alkawari.

Na ce ka tsaya a kansu, domin akwai wani sabon noma da ya shigo, wanda nake kira noman waya. Mai gona yana Sakkwato a ofis ko a shago, yana bugo waya: an nome? an zuba taki? Ana ce masa i. Takin yuriya kuwa yana son ƙasa mai laima, a bisne shi kusa da gindin shuka. In aka watsa shi bisa busasshiyar ƙasa cikin rana, amfaninsa da yawa iska ke kwashewa. Yaron da aka ba jinga, wanda hankalinsa ke kan tasa gonar, watsawa zai yi ya wuce. Da kaka sai mai gona ya ce an cuce shi, alhali kuwa ba wanda ya ci takin, ba wanda ya amfana, asara ce kawai aka yi wa ƙasa.

Wanda ya ƙi noman waya ya tafi gonar da kansa, sai ofis ya zama kango. Nan ne kuka na uku ya fito. Ajin da malami ya bari, ɗan wa ke zaune a ciki? Ɗakin shan maganin da aka rufe tun hantsi, matar wa ke zaune a ƙofarsa da yaro mai zazzaɓi, a watan da sauro ya fi yawa? Na mutumin nan ne dai da ke duƙe a gonar malamin. Ya biya a gona, ya kuma biya a gari.

Ni ban ga amfanin a yi ta ɓoye-ɓoye ba, shugaba ya san ma'aikata suna gona, su kuma sun san ya sani, ana sa hannu a littafi ana sulalewa. Jihar Binuwai a 2016 ta ba ma'aikatanta ranar Juma'a don su je gona a lokacin damina. Jihar Kaduna ta koma aikin kwana huɗu a mako tun Disamba 2021, noma yana cikin dalilan da ta bayar. Ban ce a kwaikwayi kowa ido rufe ba, amma ƙananan hukumominmu suna iya fitowa fili su ce daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Yuli ga ranakun da kowane ma'aikaci zai tafi gona, a yi karɓa-karɓa, a manna takardar a ƙofa, mai zuwa ya san ran da zai sami wane. Wanda ya ƙetare ranarsa a hore shi da gaske. Asibiti da aji kuwa kada a bar su ba kowa ko da yini ɗaya.

Sai zancen doka a kan ɗan ƙwadago, wanda ba shi da tsawo, gama dokar ba ta san da shi ba. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, wadda aka gyara a 2024, ta fitar da mai aikin ɗan lokaci, da wanda ake biya bisa yawan abin da ya yi, da wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, da kuma aikin da ke bin yanayin shekara irin noma. Duk ƙofar da mutuminmu ya nufa cikin huɗun nan, a rufe take. Dokar Ƙwadago ta ce mai aikin awa shida ko fiye a ba shi hutun da ya kai awa ɗaya, a ba shi yini ɗaya cikin bakwai, a kuma rubuta masa sharuɗɗan aikinsa kafin ya cika wata uku. Akwai kuma dokar 2010 ta biyan diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. Ku tambayi masu dashen shinkafa a fadamar Wurno ko akwai wanda ya taɓa jin labarinsu.

Rauni kuwa ana jinsa. Ga samari masu goya tankin feshi, sana'ar da ta yaɗu tun da maganin haki ya fara maye gurbin hauya. Yaro ya yi feshi a gona uku ko huɗu kafin azahar, ba takalmi, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, tankin yana ɗiga a gadon bayansa, ya gama ya wanke hannu a hanyar ruwa ya ci goro. Maganin nan ta fata yake shiga, ba sai an sha ba. Mai gonar da ya iya sayen magani ya iya sayen takalmin roba da safa da sabulu, a kansa ya kamata su kasance, ba a kan yaron da ya zo neman na tuwo ba. A yi feshi da sanyin safiya, iska tana bayan mai yi, a kuma fasa kwalbar da ta ƙare a bisne ta, kada ta koma gida ta zama ta man gyaɗa. Ga masu ban ruwa da ke yini tsaye cikin ruwa, tsargiya tana cinsu suna ɗauka al'ada ce, alhali ciwo ne mai magani a asibiti. Ga zafin Maris zuwa Mayu da ke wuce digiri 40, lokacin bugun shinkafar rani da lodin albasa. Ga wanda layin ruwansa ya faɗo cikin dare, ya kwana yana juya ruwa daga fangali zuwa fangali, gari ya waye ya hau babur ya ɗauki matar mutane da goyo, barci yana fizgarsa a hanyar Achida.

Babur ɗin nan ma abin a tsaya a kansa ne. Sana'o'in da muka gada suna da kunya, in damina ta zo sukan ja baya. Maɗinki yana iya rufe kekensa mako uku, mahauci ranar kasuwa kaɗai yake yanka, raguna ba su hana ka noma, harawa ma suke jira. Amma babur ɗin da aka karɓa bisa sharaɗin kawo balas kullum bai san Yuli ba. Ko ka je gona ko ba ka je ba, da magariba mai shi yana jira. Tun da Gwamnatin Ikko ta hana haya da babur a manyan unguwanninta a 2020 da kuma 2022, samari da yawa sun dawo Arewa da wannan sana'a, masu ɗauka suka yi yawa, abin ɗauka bai ƙaru ba. Shawarata ga mai shirin karɓar babur, tun ran da za a ƙulla magana ya nemi a rage masa balas na mako shida na noma, ko a ɗaga masa su zuwa kaka, a gaban shaidu. Mai babur mai hankali zai yarda, gama yaron da rumbunsa ke da hatsi shi ne ba ya gudu da babur.

Kada in manta da yaran shago, tun da 'yan kasuwa suna cikin masu karatun wannan fili. An ɗauki yaro don tsaron shago. Ran da babu ciniki a tura shi gona, ran da mota ta zo ya yi lodi, da dare ya kwana a rumfa yana gadin albasa. Aiki huɗu ke nan, lada kuwa na ɗaya, wani lokaci ma sai abinci da alkawarin za a sallame shi wata rana. Alhaji, in yaronka ne ka riƙe shi riƙon ɗa, ka yanka masa fangalinsa a cikin fadamar, ka faɗa masa shekarar sallama. In kuwa ma'aikaci ne, kowane aiki da kuɗinsa. Haka nan matan da ke sheƙar shinkafa da gyaran tafarnuwa, bayan sun gama aikin gida da 'yar sana'arsu ta cikin gida, a bar auna musu lada da ƙaramin kwano.

Wani abin da ya daɗa karya farashin gumi shi ne rashin zaman lafiya. Tun harin da aka kai Tabanni ta wajen Gandi a ƙasar Rabah cikin Yuli 2018, da wanda aka kai kasuwar Goronyo ran Lahadi 17 ga Oktoba 2021 inda aka kashe mutum fiye da 40, ƙauyuka da yawa sun watse, mutanensu sun taru a manyan garuruwa. Manomi mai rumbu uku ya wayi gari ba shi da abin sayarwa sai ƙarfinsa. Ya tarar da ɗan gari a bakin kasuwa da tasa hauyar, mai gona ya zaɓi wanda ya fi sauƙi. A 2021 kuma, sa'ad da Gwamnatin Jiha ta tsayar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin nan aka kuma katse layin waya na wani lokaci, masu sana'a ta biyu da yawa sun ga yadda take tsayawa dare ɗaya. Wanda ya rage wa ɗan gudun hijira lada don ya san ba shi da zaɓi, ya tuna gemun ɗan'uwansa ne ya kama wuta.

Akwai masu cewa maganin abin duka shi ne kowa ya tsaya ga sana'a ɗaya, manomi ya yi noma, akawu ya yi ofis. Daɗin faɗi gare shi. A Satumba 2010 ruwan Goronyo ya ɓalle ya shafe gonaki da ƙauyuka har Sakkwato. A farkon 2018 kuma ruwan madatsar ya janye har ya koma kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da take riƙewa. A shekaru irin waɗannan, wanda ya dogara ga fadama kaɗai shi ya fi kowa shan wuya, mai keken ɗinki da mai 'yan tumaki suka rufa wa kansu asiri. Saboda haka ban ce kowa ya saki tasa ba. Ƙaramin manomi dai ya yi ƙoƙari tun da kaka ya ware dammunan da ba za a taɓa ba sai Yuli, ya sa musu suna na noma, ko biki ko suna kada a kwance su. Masu adashi su shirya kwasar ta faɗo kan mafi rauninsu a watan. Maƙwabta huɗu ko biyar su tayar da gayya tsakaninsu, a nome ta kowa da safe bi da bi, ƙwadago ya koma yamma. Mako uku na safiya a gonarka, a kan kari, shi ne bambancin rumbun da zai kai damina da wanda ba zai kai ba.

Tun da yake jami'in ƙwadago ba zai zo fadama ba, sai mu dubi abin da ke hannunmu. Muna da hakimai da masu unguwanni da sarakunan noma. Muna kuma da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a filayen Rima ta Tsakiya, waɗanda aka ƙarfafa ƙarƙashin shirin gyaran noman rani na Bankin Duniya da aka amince da shi a 2014. Ƙungiyar da ta iya tara kuɗin ruwa, ta iya fitar da mutane yashe hanyar ruwa, ta iya raba layi, ba abin da zai hana ta zama sau biyu a shekara, kafin shuka da kafin dashe, da wakilan 'yan ƙwadago a zaune, a yanke kuɗin safiya da na yini, a faɗi ko da abinci ko babu, a faɗi wanda zai ɗauki magani in galma ta sari mutum ko maciji ya sare shi. A kuma yanke cewa lada ba ya kwana. Wanda aka kawo ƙararsa sau biyu a kan riƙe haƙƙi, a ja masa layin ruwa baya har ya biya, ko shi wane ne.

Jinga kuwa a bar yinta da ido. Rabin rigimar da ake kai wa masu unguwa daga nan take tasowa, mai gona ya ce 'yar kaɗan ce, mai aiki ya shiga ya ga ba ta ƙarewa, sai ya yi ta sama-sama ko ya gudu ya bar ta. Eka ɗaya kusan yadi 70 ce tsawo, 70 faɗi. Hekta kuwa mita 100 ce kowane gefe, watau kusan eka biyu da rabi. Igiya mai ƙulli a kowane yadi goma ta isa, yaro ma ya iya ja. Duk ƙungiya ko unguwar da ke so, ta aiko wa malamin gonar yankinta, mu zo mu auna mata igiyar farko a gaban jama'a, a ajiye ta gidan sarkin noma.